Daƙiƙa Ashirin a Shafi na Biyu

Litinin, 2 ga wata, 8:10 na safe

Manaja ya sa hannu. Na karanta takardar sau uku kafin in iso ɗakina, har na kusa cin karo da kwandon shara. Daga gobe Jagora zai fara aiki.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na tsufa jikokina su san kakarsu ba ƙaramar mace ba ce. Kwamfuta arba'in da biyu ne a ofishin nan, kuma ni kaɗai ke kula da su. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ta tsufa, hedikwata ta ce a sauya ta kafin wata ya ƙare. Da can sai in bi tebur-tebur, kowace in zauna mata awa uku, mai teburin yana tsaye a kaina yana huci. Yanzu kuwa mutum zai kunna kwamfutarsa ya danna F12, sai Jagora ya fito ya bi da shi shafi biyar: sashenka, sunanka da kalmar sirrinka, manhajojin da kake aiki da su, takardun da za a adana maka, sannan "Ka tabbata?" Ya ce eh, ya naɗe hannu. Minti ashirin da biyu komai ya dawo sabo fil. Wata uku na yi ina haɗa shi.

Yaya ce ta gwada mini shi a kan kwamfutar gwaji. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, sakatariyar Manaja shekara goma sha tara, kuma ita ta kawo takarduna ofishin nan. In tana bugun rubutu ba a ganin yatsunta. Shafi na biyu ta cike shi cikin daƙiƙa shida, na auna da wayata. Da hannunta na yanka wa Jagora lokaci: duk shafin da ya kai daƙiƙa ashirin ba a gama shi ba, sai ya yi ƙara ya koma farko. Na san mutanenmu, sai su bar shafi a buɗe su tafi hira. Na ma sa ya rubuta musu, "Shayi ka tafi sha? Mu koma farko." Yaya ta yi dariya ta ce, "Auta, daƙiƙa ashirin ai barci ne. Wanda ya kasa, a ba shi matashi."

Ta ce ita za ta yi na ƙarshe, tana da wasiƙu jibge da ba ta so a taɓa mata kwamfuta sai ta gama su. "Ni zan rufe miki," in ji ta. Kwamfutarta ce lamba 17, ta bakin taga.

Talata, 3 ga wata, 4:30 na yamma

Biyar! Biyar a yini ɗaya, kuma ban tashi daga kujerata ba sai sau biyu.

Manaja ya tara mu da safe ya karanta sharaɗin hedikwata. Ranar Juma'a 27 ga wata da ƙarfe goma sha biyu za a rufe tsohuwar manhaja. Jerin sunayen da Jagora ya tara shi za a aika a matsayin jerin masu tebur a ofishin nan. Kwamfutar da mai ita bai bi ta Jagora ba za ta koma sito a ba wani. Ni kuma na ƙara nawa: ba wanda zai yi wa wani, kowa da hannunsa. Na faɗi haka da murya irin ta manya, Yaya tana bayan Manaja tana kwaikwayona.

Mai Sito ne ya fara. Ya zauna ya gyara tabarau ya yi wa allon sallama. Da ya iso shafi na biyu ya ɗaga kai ya ce, "To, ku juya mana." Duk muka juya masa baya. Wannan dokar Yaya ce tun kafin a ɗauke ni aiki: in mutum zai buga kalmar sirri, duk wanda ke ɗakin sai ya ba shi baya, ko da Manaja ne. Ita tata kuwa ko mijinta bai sani ba.

Alhamis, 5 ga wata, 1:15 na rana

Goma sha huɗu. Na liƙa babbar takarda a ƙofata ina cike gidaje da jan biro. Babban Direba ya ce na zama kamar malamar firamare. Ya ce shi motarsa ba ta tambayarsa ko ya tabbata. Na ce shi ya sa ta faɗa rami da shi bara.

Litinin, 9 ga wata, 5:00 na yamma

Ashirin da ɗaya, rabi cif. Manaja ya ce hedikwata na tambayar wa ya haɗa abin nan, wai sauran rassa ma suna so. Na ce masa ai ba wani abu ba ne, amma bakina ya ƙi rufuwa har gida.

Yaya ta ce kanta na ciwo tun jiya. Na ce wasiƙu ne, ta rage. Ta ce in rage surutu tukuna.

Talata, 10 ga wata

Ban je aiki ba.

Laraba, 11 ga wata, 2:00 na rana

Kujerun barandar asibitin nan na ƙarfe ne, guda tara, ɗaya ba ta da madafa. Mama ta ƙi zama. Likita ya ce ɓarin jikin Yaya na dama ne ya shanye. Mijinta yana ta kai da kawowa da takardu. Ba a barin mutum biyu su shiga lokaci ɗaya.

Juma'a, 13 ga wata, 11:40 na safe

Ashe ina iya ganin Jagora daga wayata. Ina zaune a barandar na duba, sai ga shi ashirin da shida. Mutum biyar sun yi ba na nan, ba wanda ya kira ni, ba abin da ya lalace. Abin da na gina shi don shi ke nan. Na nuna wa Mama, ta dube ni ta dubi wayar, ta mayar da idonta kan ƙofar ɗakin.

Na shiga na gaya wa Yaya. Ta ji ni, na san ta ji, don ta matse mini yatsu da hannun hagu.

Litinin, 16 ga wata, 8:30 na safe

Na koma aiki. Kowa yana yi mini magana a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce su bari, a ci gaba da layi.

Kofin Yaya yana kan teburinta yadda ta bar shi, da sauran shayi a gindinsa ya bushe. Mai shara ta miƙa hannu za ta ɗauka, na ce ta bari. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga mutane sun waiwayo.

Litinin, 16 ga wata, 3:45 na yamma

Talatin da ɗaya. Sashen jigila sun yi gasa, ɗaya ya gama shafukan cikin daƙiƙa hamsin yana ta cika baki. Na ce masa Yaya arba'in ta yi.

Manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya yi ta juya biro. Ya ce hedikwata za ta turo wata ta riƙe masa ofis, kuma za ta buƙaci kwamfuta. Ya ce, "Lamba 17 tana zaune. Ke da kike da mabuɗin komai, minti ashirin ne ki sa sunan sabuwar."

Na ce Jagora ba ya aiki haka. Ƙarya na yi, yana yi, ni na haɗa shi. Ya san ƙarya na yi.

Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce shi ma shekara goma sha tara ba wasa ba ce a wurinsa. In Yaya da kanta ta zo ta bi ta Jagora kafin ranar 27, sunanta zai shiga jerin, shi kuma zai rubuta cewa tana dawowa, ko da awa biyu ne a rana, sabuwar a ba ta tebur a wani ɗaki. In ba ta zo ba, ba shi da abin da zai nuna musu.

Kwana goma sha ɗaya. Ya isa.

Talata, 17 ga wata, 5:20 na yamma

An sallamo Yaya. Tana tafiya da sanda mai ƙafa huɗu. Maganar tana fitowa ɗaya-ɗaya, amma tata ce, har da harara.

Na zauna bakin gadonta na yi mata bayani. Sannan na yi abin kunya. Na ce ta faɗa mini kalmar sirrinta a kunne, in je da sassafe in yi mata, ba wanda zai sani. Ni da na tsaya gaban mutum arba'in na ce kowa da hannunsa.

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni... zan rufe."

Alhamis, 19 ga wata, 4:50 na yamma

Talatin da shida a ofis, amma ba shi ne labarin ba. Na kawo mata tsohon kibod daga sito, Mai Sito ya goge shi da kansa ya sa a leda. Muka ɗora mata a kan tire. Da hannun hagu, da yatsa ɗaya, ta buga sunanta. Ba ya haɗe da komai, ba allo, amma ina kallon yatsan kuma bai ɓata ko harafi ɗaya ba. Na yi tsalle har na buge fitila. Mama ta leƙo ta ce ko an yi haihuwa ne.

Hannunta na dama yana kan matashi. Mai koya mata motsa jiki ta ce a riƙa ɗora shi inda za ta gan shi.

Asabar, 21 ga wata, 10:00 na safe

Ta kore mu daga ɗakin don ta gwada kalmar sirri. Ni da Mama muka tsaya a tsakar gida muna jin ƙas, shiru, ƙas. Mama ta ce, "Wannan yarinya tun tana goye ba ta son a taya ta." Yarinyar da ta haura arba'in.

Za ta iya. Na gaya wa Manaja ranar Talata za mu zo.

Litinin, 23 ga wata, 3:10 na yamma

Arba'in da ɗaya. Jan biro ya kusa ƙarewa. Gida ɗaya ya rage fari a takardar, kuma gobe zan cike shi. Na goge allon lamba 17, na matsar da linzamin kwamfutar zuwa hagu, na gwada kujerar. Kofin ban taɓa shi ba. Na kasa zama wuri ɗaya yau, Babban Direba ya ce ko in zo ya ɗaura mini bel.

Talata, 24 ga wata, 12:30 na rana

Ta sa rigarta mai ruwan toka ta zuwa taro. Mijinta ya kawo ta har ƙofa. Mutane suka miƙe tsaye. Ta zauna, ta danna F12 da kanta, Jagora ya fito. Shafi na ɗaya zaɓi ne kawai, ta wuce shi. Da ta iso na biyu duk muka juya baya.

Ƙas. Shiru. Ƙas. Ƙas. Sai ƙarar.

Na san ƙarar nan, ni na zaɓe ta. Sai da na ji ta sannan na tuna. Kwana shida ina kallon yatsanta ina murna bai ɓata harafi ba, ban taɓa duba agogo ba ko sau ɗaya.

Ta sake farawa. Ƙarar ta sake. A karo na uku na kasa, na waiwaya. Tana zaune tana karanta abin da ke kan allon, da manyan haruffa, abin da na rubuta da hannuna ina dariya.

Ta laluba sandarta. Ta ce wa mijinta, "Gida."

Laraba, 25 ga wata, 7:00 na safe

Ta ce kada in shigo.

Laraba, 25 ga wata, 4:40 na yamma

Cire agogon daƙiƙa ashirin ɗin ba wuya, layi biyu ne. Amma sai na sake haɗa Jagora gaba ɗaya na gwada shi tun daga farko, kuma yini guda ya ci. Na cire agogon, na cire maganar shayin, na cire ƙarar.

Na kira mijinta ya gaya mata. Ya dawo mini da amsa yana in-ina. Wai ta ce ba ta son a sassauta don ita. Mutum arba'in da ɗaya sun yi a daƙiƙa ashirin, in ita ba za ta iya ba, to a ba sabuwar teburin.

Ina jin haushinta, ina jin haushin kaina ya fi. Saura kwana biyu.

Alhamis, 26 ga wata, 11:20 na safe

Mai Sito ya shigo ɗakina ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce yana da laifin da zai faɗa. Wai ranar farko, da muka juya masa baya, bai gama shafi na biyu ba. Ya ga lokaci na tafiya, sai ya yi tari da ƙarfi ya rufe ƙarar, ya sake farawa. Sau biyu. Mu muna can muna tsammanin mura ce.

Na buɗe bayanan da Jagora ke ajiyewa, waɗanda ban taɓa dubawa ba saboda ina can ina shafa jan biro. Na bi su layi-layi. Mutum goma sha tara cikin arba'in da ɗaya agogon ya kora aƙalla sau ɗaya. Babban Direba sau shida. Manaja sau uku, shi kaɗai a ofishinsa da ƙofa a rufe. Ba wanda ya faɗa, kowa yana jin shi kaɗai ne mai nauyin hannu.

Wallahi ban san lokacin da na fara dariya ba. Na buga takardar na fita da gudu, na bar jakata a kan tebur.

Alhamis, 26 ga wata, 2:30 na rana

Ban nemi izini ba, na tura ƙofar na shiga. Ta juya fuska bango. Na zauna a ƙasa na fara karanta mata sunaye da adadi, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Yaya, ba don ke na cire ba. Abin tun farko a karkace yake. Da hannunki na auna, kuma duk ginin nan ba mai irin hannunki. Rabin ofis sun sha wuya sun yi shiru. Rassa shida za a kai wa abin nan, kin so in kai musu shi haka?"

Na ci gaba da karantawa. Da na iso kan Manaja na ga kafaɗarta tana motsi. Ta juyo, gefe ɗaya na bakinta yana dariya.

"Sau... nawa?"

Na ce uku.

Ta miƙo hannun hagu ta karɓi takardar ta duba da kanta, don ba ta taɓa yarda da karatuna ba. Sannan ta ce in gaya wa Mama a goge mata rigar.

Juma'a, 27 ga wata, 9:05 na safe

Na gwada shi sau huɗu tun da na iso. Na bar shafi na biyu a buɗe rabin awa, yana nan yana jira. Sabuwar ta iso, tana zaune a ɗakin baƙi da jakarta a cinya, ba ruwanta, baiwar Allah. Ni kuwa sai leƙen ƙofa nake yi.

Juma'a, 27 ga wata, 1:30 na rana

Su Yaya sun makara, taya ta yi faci. Sha ɗaya saura minti biyar ta zauna. Na lissafa a raina: minti ashirin da biyu na Jagora, saura arba'in da uku nata.

F12. Shafi na ɗaya. Da na biyu ya fito ta ɗaga kai ta dube mu, muka juya. Ni, da Manaja, da Mai Sito, da Babban Direba, da mai shara da tsintsiyarta, da mutanen jigila da suka cika ƙofa. Duk muna kallon bango da kalandar da ke jikinsa.

Ƙas. Shiru mai tsawo. Ƙas. Na ji ta goge, ta sake. Wayar ofis ta yi ta ƙara ba wanda ya motsa. Mai Sito yana gefena, tari ya taso masa na gaske, ya danne shi har idonsa ya kawo ruwa. Ban ƙirga haruffan ba, na rantse ban ƙirga ba. Agogon bango kawai na kalla, minti goma sha ɗaya.

Sai ta ce, "To."

Muka juyo. Shafi na uku ne a kan allon. Ta bi sauran a hankali, ta zaɓi manhajojinta, ta ce a adana mata wasiƙunta duka. Da "Ka tabbata?" ya fito ta harare shi kafin ta danna. Sha biyu saura minti takwas sunanta ya hau jerin, na arba'in da biyu. Manaja ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya wuce ofishinsa ya rubuta takardar.

Na kawo mata jan biron da takardar ƙofata, ta cike gidan ƙarshe da hannun hagu, jan ya fita layi ta ko'ina. Ina so in rungume ta, ina so in yi magana, na tsaya kawai ina share fuska kamar wata sakarya.

Ita kuwa teburinta take dubawa. Ta ga kofin. Ta leƙa cikinsa, ta dube ni, ta tura mini shi da bayan hannu.

"Auta. Kwana... goma sha bakwai?" Ta girgiza kai. "Wanke. Litinin... zan sha."